Ƙwaya Mai Ƙafa Ashirin

Yamai, farkon Oktoba 1984

Zuwa ga taubashina Harouna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikinka da sanyin ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau. Matata Na'omi tana gaishe ka, haka ma ƴarmu Tabita, duka biyun ba ka taɓa ganinsu ba. Shekararta huɗu yanzu, ta fi uwarta surutu. Ƙanwarka Kadi ce ta ba ni adireshinka na Tuluz a Faransa da muka haɗu a kasuwar Bukoki. In ka manta ni, ni ne Dauda, jikan Halimatou ta Dogon Dutsi, ƙanwar kakanka Idrisa. Rabonmu da juna tun muna ƴan makaranta a lakwal.

Damina ba ta yi ba, ka ji labari. Na je Dutsi a watan jiya, gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Mutane suna ta shigowa Yamai, sun kafa bukkokin tabarma da kwali bayan unguwar Lazare, inda aka zauna a wancan farin. Dispansar ɗin ikilisiyarmu tana kusa da su, a can Na'omi take aikin jinya. Ta fita da safe, sai magariba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Akwai rijiyar burtsatse a dispansar, da famfo mai inji da tanki a sama. Akwatin da ke kunna injin ya kashe shi ya mutu. Na buɗe, ƙwayoyin lantarki shida ne a kan allon da ke ciki, biyu sun ƙone, kuma babu irinsu a garin nan. Da daga Kano ake kawo mana, yanzu iyaka a rufe take. Na haɗa injin kai tsaye ana kunnawa da hannu, amma ruwan rijiyar ya yi ƙasa, in ya ƙare sai injin ya yi ta juyawa a bushe. Ya ƙone sau ɗaya, na sake naɗa shi. In ya sake ƙonewa ba ni da sauran wayar tagulla.

Kadi ta ce irin aikinka ke nan a can. Na kuma karanta a wata tsohuwar jarida cewa an yi wata ƙwaya da take zuwa babu komai a cikinta, mutum ne zai faɗa mata aikin da za ta yi. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ta ina ake farawa? Ni gyara na iya, ban taɓa zana abu daga farko ba.

Na'omi ta ce ba za ka amsa ba, wai jikokin Idrisa ba su san zumunci ba.

Naka,
Dauda

Tuluz, Nuwamba 1984

Zuwa ga bawana Dauda,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali. Ni lafiya lau, sai mura da ta ƙi rabuwa da ni tun da na zo garin nan. Yaya zan manta da mutumin da jaki ya kayar a gaban ƴan mata ranar kasuwar Dutsi? Ka gaya wa Na'omi na amsa, kuma ina yi mata jaje da ta rasa mijin aure sai kai.

Farin muna ganinsa a talabijin kafin labarin ƙwallo. Ina kashewa in fita in yi ta tafiya. Ba abin da nake iya yi daga nan, shi ya sa na ji daɗi da ka ba ni abin yi.

Gaskiya ne abin da ka karanta. Sunanta PAL, baƙa ce, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ƙafafunta ashirin. A cikinta akwai ƙofofi da yawa, an haɗa su duka da siraran wayoyi da ido ba ya gani. Muna da na'ura a wurin aiki da ke ƙona wayoyin da ba a so, abin da ya rage shi ne haɗinka. Wayar da aka ƙona ba ta dawowa, kuskure ɗaya ya isa ya kai ƙwaya shara. Na'urar ba za ta zo Yamai ba. Kai za ka zana ka aiko, ni in ƙona in mayar maka.

Ajiye ƙarfen dalma tukuna, ɗauki fensir. Ƙwayar nan ba ta san komai ba sai e da a'a. Fara da tambayoyin da akwatin yake bukatar amsarsu. Akwai ruwa a rijiya? Kira wannan R. Tanki ya yi ƙasa? K. Tanki ya cika? C. Famfo kuma F. Sai ka ja tebur a takarda, ka jera duk yadda amsoshin za su iya haɗuwa, a gaban kowane jeri ka rubuta ko famfo ya tashi ko ya tsaya. Kada ka tsallake jerin da kake ganin ba zai taɓa faruwa ba. Ma'aunin ruwa yana maƙalewa, waya tana tsinkewa.

Daga tebur sai kalmomi uku, da su ake gina komai: DA, KO, BA. DA muna rubuta ta da ɗigo, KO da alamar tarawa. BA kuwa ɗan gajeren layi ne a kan harafi, C mai layi a kai yana nufin tanki bai cika ba.

Akwai wuri ɗaya da za ka maƙale, kuma ba zan faɗa maka mafita ba. Me famfo zai yi idan tanki bai yi ƙasa ba, kuma bai cika ba? Yi tunani, in akwai abin yin tunanin a gidan Halimatou.

Ubangidanka,
Harouna

Yamai, ƙarshen Disamba 1984

Harouna,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, Tabita ta yi tari ya wuce. Mun yi Kirsimeti da shinkafa babu nama.

Na ja teburin, jeri takwas ya fito. Na maƙale a inda ka ce. Na yi mako ina kallon jerin nan, in rubuta tashi in goge, in rubuta tsaya in goge, kowanne daidai ne kuma kowanne kuskure ne. Ran Lahadi Na'omi tana wanke kayan aikinta a tsakar gida na karanta mata tambayar, don dai in ji muryar wani. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "To ba sai ya ci gaba da abin da yake yi ba? In zubawa yake ya zuba, in a tsaye yake ya tsaya. Mu ma haka muke yi." Ke nan dole famfo ya tambayi kansa, F ya shiga cikin tambayoyin da ke haifar da F. Ana yin haka? Ƙwayar za ta yarda abin da ya fita ya sake shiga? Ba na so in aiko lissafi sai na tabbatar.

Injin ya sake ƙonewa. Yanzu a ganga ake kawo ruwa daga kogi bisa amalanke, kogin kuma ya ja baya, ruwan kore ne. Suna tafasa wanda itace ya isa. Mutanen bayan Lazare sun ƙaru. Sojoji suna raba jar dawa a layi, ana auna yara a sikeli. Sauran abin da nake gani ba na takarda ba ne, ka sani.

Na'omi takan dawo ta zauna a bakin gado da takalmanta, ba ta cire ba, ba ta kwanta ba. In na tambaye ta yaya aiki sai ta ce an yi. Da tana faɗa mini sunayen yaran da suka rasu, yanzu ta daina. Ni ma na daina tambaya. Ta ce in gaya maka ta janye maganarta ta zumunci, amma rabi kawai.

Dauda

Tuluz, ƙarshen Fabrairu 1985

Bawana,

Ina fatan lafiya. Na amsa maka tun farkon Janairu cewa e, ana yin haka, ƙwayar tana da hanyar mayar da abin da ya fita, kuma Na'omi ta fi ka kai. Tun daga nan shiru. Ko wasiƙar ta ɓata, ko kunyar abin da matarka ta yi maka ce ta hana ka rubutu? Na ajiye ƙwayoyi biyu a aljihun tebur suna jiranka. Aiko lissafin, ko a bayan kwalin sukari ne.

Harouna

Yamai, Maris 1985

Harouna,

Ina gaisuwa. Lafiya muke. Wasiƙunka biyu sun zo.

Na'omi ta tafi gida a watan Janairu. Tabita tana wurina, maƙwabciya tana duba ta in na fita.

Na sami wayar tagulla a wani mataccen injin niƙa, na naɗa injin famfo. Ba zan kunna ba sai ƙwayar ta zo. Ga lissafin:

F = R·K + R·F·C

Ka ƙona.

Dauda

Tuluz, Afrilu 1985

Bawana Dauda,

Gaisuwa da fatan alheri. Sanyi ya tafi, murar ma ta bi shi.

Na san za a yi haka. Tun da na ga wasiƙarka guntuwa kamar wutsiyar akuya na ce akwai magana. Me ka yi wa baiwar Allah har ta yi yaji tun Janairu, kai kuma kana zaune kana naɗa waya? Ta gaji da warin dalma ne, ko da shirunka? Ka sayi goro, ka hau motar Dutsi, ka durƙusa gaban iyayenta ka yi biko kamar kowa. In ba za ka iya ba ka bari in dawo, ni zan je in ɗauko ta, dama ni ya kamata ta aura. Na sa ɗankwali mai ruwan bula a cikin ƙunshin. Ka ce kai ka saya, ba zan tona ba.

Ga ƙwayarka, na naɗe ta a takardar azurfa, kada ka taɓa ƙafafun da hannu. Lissafin ya yi kyau, ka gane abin. Abu ɗaya na lura, C ɗinka babu layi a kai. Na ɗauka ma'aunin cikar tankinka irin mai juyi ne, wanda ke cewa e har sai tanki ya cika ya ce a'a, irinsu suna da yawa. Don haka na ƙona yadda ka rubuta. Na zana maka wace ƙafa ce ta wace waya a bayan takardar nan. Gwada da ƙwan fitila kafin ka haɗa da inji.

Ka shafa mini kan Tabita. In uwarta ta dawo ka ce ina jiran sauran rabin.

Harouna

Yamai, farkon Yuni 1985

Harouna,

Ina gaisuwa. Muna nan.

Ƙunshin ya daɗe a gidan waya. An buɗe shi, an ga baƙin abu a takardar azurfa da haruffa da lambobi, sai aka aiko a kira ni wani ofishi. Na zauna a benci tun safe har rana ta karkata. Ban ji tsoro ba, na lura da hakan ina zaune. Wani hafsan soja ya ajiye takardarka a gabana ya ce in faɗa masa su wane ne R da K da C, kuma me F zai yi musu. Na ce rijiya ce da tanki. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce gobe in zo da shaida. Na zo da batir da makunni uku da ƙwan fitila a kan katako, na haɗa a kan teburinsa, na danna, fitila ta kama. Ya danna da kansa sau da yawa. Ya tambaya ko wannan zai kawo ruwa Lazare, na ce in ya yi aiki. Ya ce in ɗauka in tafi.

Bai yi aiki ba. A katako na ga alama, amma na kai dispansar na haɗa don in gani da idona. Famfo yana tashi in tanki ya yi ƙasa, da ruwa ya ɗan hau sai ya tsaya. Mata su ɗiba, ya sake tashi, ya sake tsayawa. Ruwan tankin ba ya wuce tafin hannu, injin kuma yana zafi. Na cire.

Ma'aunina ba mai juyi ba ne. Layin nan ya kamata ya kasance a kan C. Ko na ja shi fensir bai kama ba, ko ban ja ba, ban sani ba. Ban tuna lokacin da na rubuta wasiƙar ba. Ga shi kuma da tawada, na kuma rubuta da kalmomi: famfo ya tashi in akwai ruwa a rijiya kuma tanki ya yi ƙasa, ko in akwai ruwa, yana kan aiki, kuma tanki BAI cika ba.

Kogi ya tsaya. Ana tsallakawa da ƙafa ta ƙarƙashin gada, na gani.

Ɗankwalin na sa a akwatinta. Na gode. Maganar biko ban san yadda zan amsa ba, na bar ta.

Dauda

Tuluz, ƙarshen Yuni 1985

Ɗan'uwana Dauda,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wasiƙar Kadi ta zo mako ɗaya da taka. A tsakiyar labarin tsadar gero ta ce har yanzu Tabita ba ta saba da rashin uwarta ba. Na karanta, na sake karantawa, na zauna a kan matakala. Ta ce zawo da amai ne, a Janairu, kwana biyu kawai. Ta ce ta je jana'iza, ta ɗauka ka sanar da ni tuntuni.

Ka sanar da ni. Ni ne ban ji ba. Na girma da ku Kiristoci a gari ɗaya, amma ban taɓa zama a zaman makokinku ba, ban san in kun ce mutum ya tafi gida abin da kuke nufi ke nan ba. Na ga wasiƙar ba irin taka ba ce, na ga C babu layi, duka biyun na ba kaina amsa maimakon in tambaye ka. Abin da na rubuta maka a Afrilu ba ni da yadda zan janye shi. Ka yafe mini. In ka ga dama ka ƙona takardar.

Wani abu kuma yana damuna. Da na faɗa maka mafitar tun Nuwamba maimakon in yi maka wasa da ita, da ƙwayar ta iso kafin ku koma ruwan kogi? Ba sai ka amsa ba.

Allah ya ji ƙanta, ya ba ka haƙuri, ya raya Tabita. Ban taɓa ganin fuskarta ba, amma ni na san muryarta daga wasiƙunka.

Na ƙona ƙwaya ta biyu, na gwada ta jeri bayan jeri. Ba zan sa ta a gidan waya ba. Malam Issoufou, wani ɗan Yamai da ya gama karatunsa a nan, zai kawo maka hannu da hannu. Kadi ta ce in ka yarda za ta riƙe Tabita tare da ƴaƴanta. Ni na isar da saƙo ne kawai.

Harouna

Yamai, Yuli 1985

Taubashina Harouna,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. An yi ruwa sau biyu, na biyun mai ƙarfi, rufin ɗakinmu ya zuba. Malam Issoufou ya kawo saƙo har gida.

Ƙwayar ta yi aiki. Na haɗa da safe na zauna a ƙarƙashin tanki. Ya cika, injin ya tsaya da kansa. Da rana ruwan rijiya ya ƙare, ya tsaya bai juya a bushe ba, da ruwan ya taru ya sake tashi. Fasto ya zo ya yi addu'a, ya riƙe kafaɗata. Na jira in ji wani abu, ban ji ba. Mutanen da aka yi abin dominsu yawancinsu ba sa nan. Da ruwan farko ya sauka motocin soja suka zo suka kwashe su zuwa garuruwansu, kowa da ɗan ƙullin iri. Saura tsofaffi da marasa lafiya da matan unguwa. Suna sha.

Babu abin yafewa. Na karanta wasiƙarka ta Afrilu fiye da sau ɗaya, ita kaɗai ce a watannin nan aka yi maganar Na'omi kamar tana da rai. Ban ƙona ba. Tambayarka kuwa, ni ma na yi wa kaina ita. Injin a ƙone yake tun Disamba, tagulla ban samu ba sai Maris. Kuma ita da hannunta take wanke masu ciwon. Ban san ta ina ya shige ta ba, ba kuma wanda ya sani. Ta dawo ran Talata ta ce cikinta, ran Alhamis aka rufe ta. Abin da ta ce mini na ƙarshe shi ne in sauke tukunya daga wuta.

Wasiƙarka ta sa na lura da wani abu. Abin da na rubuta maka shi na faɗa wa Tabita, shi kowa a ikilisiya yake faɗa mata. Na tuna ranar da motocin soja suke loda mutane ina tare da ita a dispansar, ta ja rigata ta ce mu hau, ai gida za su. Na ce mata ba tamu ba ce, ban sa komai a raina ba. Maƙwabciya ta ce kullum da yamma takan zauna a bakin ƙofa tana duban masu saukowa daga tasha.

Ran Asabar da safe na zaunar da ita a tabarma. Na ce, "Tabita, Inna ba Dutsi ta tafi ba. Ta mutu. Mun binne ta, ba za ta dawo ba."

Ta dube ni ta ce, "Kamar yaran dispansar?"

Na ce e.

Ta ce, "Kai ka sani tun tuni?"

Na ce na sani.

Ta tashi ta je bayan randa ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Ranar ba ta ci daga hannuna ba, sai a wurin maƙwabciya. Lahadi ma ba ta yi mini magana ba. Kadi ta zo da yamma ta tsefe mata kai, a nan ne ta yi kukan, ina waje ina ji. Na gaya wa Kadi na gode, amma ba yanzu ba. In na ba da ita a makon da na faɗa mata gaskiya, za ta ɗauka ni ma tafiya zan yi.

Jiya ta ce in kai ta ta gani. Na ɗauke ta a keke. Ruwa ya kwantar da ƙasar kabarin, ciyawa ta fara fitowa a gefe. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta tambaye ni ta ina kanta yake. Na nuna mata. Ta koma wajen ta zauna, ni ma na zauna, har rana ta yi zafi muka taso.

Akwai wata rijiya a Bukoki mai famfo biyu, suna so su riƙa aiki bi da bi. Na fara jan teburin, ya fi wancan tsawo. In na gama zan aiko.

Tabita tana gaishe ka. Ni na ce ta gaishe ka, ta gaishe ka.

Naka,
Dauda